Yadda Laburaren Makarantarmu Ya Mai Da Ni 'Yar Nijar

Na gama! Wallahi na gama. Satifiket na hannuna, har Baba ya sa an yi mashi leda don kada hannun 'yan kallo ya ɓata shi. Furojet ɗina ya shiga rumbun laburare, sunana ya fita tare da 'yan ajinmu, ban maimaita shekara ba. Sai dai fa abu guda: a cikin kwamfutar laburaren makarantarmu, har yanzu da nake danna maku wannan, ni ɗaliba ce 'yar ƙasar waje. 'Yar Jamhuriyar Nijar. Ni da aka binne cibiyata a Jibiya, wadda ba ta iya Faransanci ba sai bonju.

Ku gyara zama in ba ku daga farko.

Gidanmu yana Magama, can bakin boda, inda manyan motoci ke jan layi suna jiran a buɗe masu. Baba hatsi yake saidawa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san waya ba ruwanta da taswira. Kina zaune a zaure kina Najeriya, ki miƙe ki shiga madafi ɗauko murfin tukunya, sai ki ji wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci ana yi maki barka da zuwa Nijar. Baba in ya ji sai ya ce, "An gaishe ki? To ki amsa masu mana, ba kyau mutum ya yi shiru." Lokacin da aka kashe sabis a yankinmu saboda matsalar tsaro, layin Nijar ne ya riƙe mu, da shi aka yi ta'aziyya, da shi aka yi ciniki. Da aka dawo da namu ma bai dawo da lafiyarshi ba. Yau yana nan, gobe ya tafi hutu ba sallama. Don haka a wajenmu ba a tambayar layin wace ƙasa ne. Wanda ya kawo, shi ne layi.

Karatun laburare na yi a wata babbar makaranta cikin Katsina. E, akwai irin wannan karatun, kada ku fara. Baba ma sai da ya tambaye ni ko jera littafi a kanta sai an yi mashi digiri. Daga baya kuma shi ne ya bi kasuwa yana gaya wa abokan cinikinshi ɗiyarshi ce za ta riƙa kula da littattafan da ke cikin kwamfuta, waɗanda gara ba ta ci.

A makarantar tamu, ɗalibi ɗaya gida uku gare shi a intanet. Akwai fotal, inda ake rajista kuma sakamako ke fitowa. Akwai dandalin darasi, inda lakcarori ke zuba handawut mu kuma mu zuba aikin gida, in ya ga dama ya buɗe. Sai laburaren intanet, ɗan gatan gida, wanda ke da littattafai da mujallun ƙasashen waje, kuma a cikinshi rumbun furojet yake. Kowanne shugaban da aka yi ne ya sayo nashi, kowanne da faswod ɗinshi, kuma ba wanda ya san ɗan'uwanshi. In kika canza lambar waya a ɗaya, sauran ba su da labari. A fotal hotona na shekarar farko ne, ina zare ido kamar an kama ni da kaza. A dandalin darasi ba ni da hoto sam, wani farin kai ne kawai ba fuska.

Wannan rashin jituwa shi ya ba ni abin rubutu. Furojet ɗina a kan yadda laburaren intanet ke sauƙaƙa wa ɗaliban garuruwan bakin iyaka karatu ne. Na zuba Turanci, ba wasa. A babin ƙarshe na ce yanzu ɗalibi zai iya karatu daga ko'ina yake, nisa ya daina zama matsala. Na kuma ba da shawara da babbar murya cewa a haɗe gidajen nan uku su zama ɗaya, duk abin da aka rubuta a kan ɗalibi a nan ya fito a can. Sufabaizana ya ja layi a ƙarƙashin wannan shawarar da jan biro, ya rubuta yabo a gefe. Na ɗauki hoton wurin na sa a sitatus, da ɗan alamar wuta guda uku.

Ku riƙe wannan babin, za mu dawo kanshi.

Ƙa'idar makaranta ita ce, bayan ka kare furojet a gaban malamai ka yi gyaran da aka ba ka, kai da kanka za ka ɗora shi a rumbun laburare. Laburare ya ba ka kiliyarans, sannan sunanka ya tafi gaban majalisar makaranta tare da 'yan ajinku. An sa ranar wata Juma'a za a rufe. Wanda bai ɗora ba, sai baɗi. Ba faɗuwa ka yi ba, ba komai, kawai ka zauna gida shekara guda kana kallon abokanka suna sa hoto da hula mai igiya.

Hostal an rufe, don haka gida na koma na yi gyaran. Na gama shi ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, garin ya cika da babura da ƙarar lodi. Na buɗe laftof a ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gidanmu, na duba waya, sabis ko ɗigo. Na ɗaga ta sama, na hau turmi, na zagaya bayan rumbu. Shiru kake ji.

Gwaggo na zaune a tabarma tana tsince aya. Yayar Baba ce, a Maraɗi take aure tun kafin a haife ni, kuma duk mako takan zo kasuwa da kayanta ta kwana biyu a gidanmu. Ta kalle ni a kan turmi ta ce, "Ke ɗiyata, sauko kada ki karye. Wanga rezo naku na Najeriya ai sai a hankali. Zo ki ɗau tawa."

"Gwaggo akwai data a ciki?"

"Akwai mana. Ni da nake kallon jikokina kullum a ciki? Ɗauki ki yi aikin lakwal ɗinki."

Lakwal dai makaranta ce a bakin mutanen Nijar. Na sauko na karɓa. Ni a dannawa dai ba a gaya mani, yatsan nan ko ina barci ya san hanya. Kafin Gwaggo ta tsince ƙwaya uku na kunna hotsifot ɗinta, na jona laftof, na buɗe shafin laburare, na zuba faswod. Sabis kuwa ga shi nan cike taf, kamar ruwan famfo. Na ce, "Gwaggo, Nijar ta yi! Allah Ya ja zamanin Maraɗi!"

Shafin ya juya, ya juya, sai ga jan rubutu. An rufe wannan asusun saboda an shiga daga wajen Najeriya. A tuntuɓi laburare.

Na yi dariya tukuna, don na ɗauka wasa ne. Na sake gwadawa. Jan rubutun ya dawo, har ya fi na farko ja a idona.

"Lafiya?" in ji Gwaggo.

"Wai ina ƙasar waje."

Ta dubi bedi, ta dubi turmi, ta dubi akuyar da ke cin ɓawon aya. "To," ta ce, "sannu da zuwa. Ya hanya?"

Washegari da safe na shiga motar Katsina. A laburare akwai wata Hajiya da ke kula da sashen intanet, mace mai sanyin magana, gilashinta kullum a kan goshi tana nemanshi a tebur. Ta san ni, don ni ce ke taya 'yan aji ɗaya buɗe asusu kyauta. Na gaishe ta na kwashe labari na gaya mata.

Ta ce, "Ayya 'yar nan. Mujallun da muke biya wa, sharaɗinsu a cikin ƙasa kawai za a karanta. Da can wasu ɗalibai sun riƙa sai da faswod ɗinsu ga mutanen waje, shi ya sa aka saita na'urar, duk wanda ya shiga daga wata ƙasa ta rufe shi nan take."

"Ma, ai a tsakar gidanmu nake. A ƙarƙashin bedi."

"Na yarda da ke. Ita ce ba ta san bedi ba."

"To a buɗe mani, Ma."

"Mu namu rufewa ne, shi ma ba mu ke yi ba, yi mana ake. Buɗewa sai ofishin kwamfuta."

Ofishin kwamfuta yana can ƙarshen makaranta, ɗaki mai sanyin da ke shiga ƙashi. Mai kula da shi kowa Injiniya ke ce mashi, saurayi ne dogo, kullum da abin saurare a kunne ɗaya. Ya saurare ni da ɗaya kunnen, ya juyo mani da fuskar kwamfutarshi.

"Kin ga nan, Malama? Ba na iya buɗe asusu sai na zaɓi dalili. Dalilan kuma uku ne, ba ni na rubuta su ba, da su aka kawo abin. Na farko, an sace faswod ko an sayar. Wannan kwamitin ladabtarwa ke zama a kai."

"Yaushe suke zama?"

"Bayan majalisa ta tashi."

"Yallaɓai wuce shi. Na biyu?"

"Ɗalibi ya yi tafiya ƙasar waje. Sai ki kawo fasfo da tambarin fita da na dawowa, in ɗauki hotonshi in sa."

"Ban yi tafiya ba."

"To na ukun ba naki ba ne, ɗaliban ƙasar waje ne." Ya mai da abin kunnenshi. "Ki nemo tambari."

Na ce, "Oga, ba wurin da za a rubuta cewa gidan mutum a bakin boda yake?"

Ya ce, "Wanda ya ƙera wannan abin, kina jin ya taɓa jin sunan Jibiya?"

Na gwada dabara. Na ce to ya karɓi furojet ɗin a filas ɗin kwamfuta ya ɗora da kanshi. Ya ce rumbu ba ya karɓa sai daga asusun mai shi. Na ce in tura ta dandalin darasi, ai can asusuna lafiya lau. Ya ce in tura mana, zai zauna a can har tashin duniya, laburare ba zai gani ba. Na koma wurin sufabaizana, ya tausaya mani ƙwarai, ya ce abin da ya faru da ni ya ƙara tabbatar da muhimmancin bincikena. Na gode mashi. Na fito ina jin kamar in ciji fayil.

A motar komawa na buɗe guruf ɗin ajinmu. Kowa na sa sikirinshot ɗin kiliyarans ɗinshi, koren rubutu, da "Alhamdulillah an wuce wajen". Ni da na koya wa rabinsu yadda ake ɗorawa. Wata ta tambaya, "Ina gwanar dannawa? Ba mu ga naki ba." Na sa mata fuskar dariya, na kife wayar a cinya.

Baba da ya ji, sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, tambari kawai? Duk ma'aikatan boda gero ɗinshi suke saye. Ya sa babbar riga, ya ɗauke ni a babur muka je. Wani dattijon jami'i ya ba mu benci, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, sannan Baba ya yi bayani.

Jami'in ya dube ni. "'Yata, fasfonki?"

"Ba ni da shi, Yallaɓai."

"Kin fita?"

"Ban fita ba."

Ya juya wurin Baba. "Alhaji, so kake in buga tambarin ta fita ta dawo, alhali ba ta fita ba, a kan fasfon da ba ta da shi?"

Baba ya ce, "To ta fita yanzu mana. Ga garin Ɗan Isa can tsallaken boda, ta je ta sha ruwa ta dawo."

"Ta je mana, wa ya hana ta? Kullum mutanenku na zuwa suna dawowa, wa ka taɓa gani na buga wa tambari don ya je gaida gwaggonshi? Kuma ko na buga, kwanan yau zai nuna, ba na Lahadi ba."

Muka yi godiya muka taso. Sai da muka kusa gida Baba ya ɗan waigo. Ya ce, "Na riga na gaya wa mutane bana za ki gama." Ba faɗa ya yi ba. Da ma faɗan ya yi da ya fi mani sauƙi.

Ranar Alhamis na sake komawa Katsina. Saura gobe a rufe. Ban ma san abin da zan je in ce ba, kawai dai zama gida ya gagare ni. Na shiga wurin Hajiya, na buɗe baki in gaishe ta, sai hawaye ya riga gaisuwar fita. Ta lalubo gilashinta daga goshi, ta sa, ta ɗauki jakarta ta ce, "Tashi mu je."

Injiniya da ya ga Hajiya sai ya cire abin kunnen gaba ɗaya, ya miƙe tsaye.

"Ɗana," ta ce, "yarinyar nan ba ta sai da komai ba, ba ta je ko'ina ba. Gobe za a rufe. Me ya rage?"

"Hajiya, na ukun ne kawai. Ɗalibar ƙasar waje."

"Shi me yake buƙata?"

Ya danna ya duba. "Lambar waya ta ƙasar waje. Za a tura lambobin sirri a kanta, a shigar, shi ke nan."

"Ba fasfo?"

"Ba fasfo."

"Ba kwamiti?"

"Ba kwamiti. Tunda aka kawo abin ba a taɓa danna wurin ba, ba wanda ya tsaya tsaurara shi."

Hajiya ta juyo ta kalle ni ta saman gilashi. "Na'urar ta ce daga Nijar kike. Mun yi mata musu ta ƙi ji. To a bar ta da gaskiyarta. Ni zan rubuta a fayil ɗina abin da ya faru, da hannuna, in wani ya tambaya ya zo wurina."

Na ce, "Oga tsaya. In ka sa ni 'yar ƙasar waje, ba zai fito a fotal ba? Kada satifiket ya fito an ce ni ba 'yar ƙasa ba ce, a hana ni bautar ƙasa, a ce takardar ƙaramar hukumata ta bogi ce."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe tebur. "Fotal? Malama, fotal da laburare tunda aka girka su ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Ko na rubuta ke 'yar duniyar wata ce, fotal ba zai ji ba. Sai dai in wata rana an haɗe su."

"Allah Ya kiyaye," na ce, da ƙarfi, daga zuciya.

Sai da na faɗa na tuna abin da ke cikin filas ɗin da ke hannuna. Babi na biyar. Jan biro. Alamar wuta guda uku.

Na ba shi lambar Gwaggo. Ya ce lambobin ba sa daɗewa suke mutuwa, don haka in kira ta tukuna. Na kira. Ta riga ta koma Maraɗi, tana tsakiyar kasuwa, ina jin hon ɗin babura da wata na tayin aya.

"Gwaggo, saƙo zai shigo wayarki yanzu, lambobi ne, ki karanto mani da sauri."

"Ke ba gaisuwa? Ya babanki? Ya ƙafar tashi?"

"Lafiya lau Gwaggo, don Allah duba saƙon!"

"To bari in kashe in duba."

"Kada ki kashe!"

Ta kashe. Na sake kira, tana waya da wani. Lambobin suka mutu. Injiniya ya sake turawa, yana cije leɓe don kada ya yi dariya a gaban Hajiya. A karo na biyu ta ɗauka, ta ba wata maƙwabciyarta wayar ta buɗe mata saƙon ba tare da an kashe ba, sannan ta fara karantowa. Abin da na manta shi ne, mutanen Nijar komai Hausarsu, lambar waya da Faransanci suke faɗinta, kuma bibbiyu.

"Katar-ban-duz," in ji Gwaggo. "Suwasan-kenz."

"Gwaggo da Hausa!"

"Lamba da Hausa? Ke wace irin 'yar lakwal ce?"

"Ɗaya-ɗaya Gwaggo, don girman Allah, kamar kina ƙirga awaki!"

Ta yi tsaki, ta ce wa maƙwabciyar, "Ji mani ɗiyar Najeriya, ta gama jami'a ba ta san lamba ba." Sannan ta karanto, tara, biyu, bakwai, a hankali, tana ja kamar mai koya wa yaro. Ban bar wa Injiniya ba, na jawo allon dannawar gabana na zuba su da kaina. Koren rubutu ya fito. Har da gaisuwa: laburare na maraba da ɗalibarshi ta ƙasa da ƙasa.

A nan ofishin na ɗora furojet ɗin. Sandar lodi ta tafi sumul har ƙarshe. Kiliyarans ya faɗo. Na ɗauki sikirinshot na jefa a guruf kafin Hajiya ta gama cewa alhamdulillahi, na rubuta, "Gwanar dannawa ta iso, daga ƙasar waje." Ba wanda ya gane, suka yi ta sa mani tafi.

Na kira Baba. Ya ce, "To madalla," sau biyu, sannan na ji ya ɗaga murya yana gaya wa na kusa da shi, "Ta gama! Na ce maku bana ne!"

Da labarin ya tsaya nan da ban dame ku ba. Amma a makon bikin yaye mu, laburare ya shirya taro don nuna ci gaban da ya samu. Aka tara mu a babban ɗaki, aka raba ruwan leda. Shugaban laburare, wani farfesa mai son majigi, ya hasko taswirar Afirka ta Yamma a bango. Najeriya cike da ɗige-ɗige, kowane ɗigo mai karatu ne. Can sama kuma, tsallaken layi, ga wani ɗigo guda ɗaya tilo, an yi mashi kala daban.

"Jama'a," ya ce, "ina alfaharin sanar da ku cewa laburarenmu ya tsallaka iyakar ƙasa. A karon farko muna da ɗaliba daga Jamhuriyar Nijar, har ta ɗora bincikenta a rumbunmu."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Na kalli ɗigon nan. Bedinmu ne. Turminmu ne da akuyarmu.

"Mun so ta kasance tare da mu a yau," ya ci gaba, "amma kun san sha'anin nisa."

Ina layi na biyu, saitin shi. Na tafa har hannuna ya yi zafi. Na waiga na hango Hajiya a gefe, ta sauke gilashi tana goge shi da bakin mayafi, kafaɗunta na rawa. Injiniya kuwa ya sa abin kunnenshi a kunne biyu.

Kafin a tashi farfesan ya ƙara da albishir: an kafa kwamiti da zai duba yadda za a haɗe fotal da dandalin darasi da laburare su zama abu ɗaya, kamar yadda wani bincike na ɗalibanmu ya ba da shawara. Nan ma aka tafa. Wannan karon ni a hankali na tafa. Ranar da gidajen nan uku suka haɗu, kwamfuta za ta tarar da mutum ɗaya, 'yar asalin Jibiya a ɗaki ɗaya, baƙuwa daga Nijar a ɗaki na gaba. Su ƙarata can. Nawa satifiket ɗin yana cikin leda, a ƙarƙashin katifar Baba. Shawarar dai har gobe ina kanta, mai kyau ce, sai dai na gode wa Allah da kwamiti ba ya sauri.

Gwaggo da ta zo kasuwa na ba ta labarin ɗigon, ta ce tunda da wayarta aka yi, rabin digirin nata ne, kuma daga yau in na shigo Maraɗi kada in ƙara cewa ni baƙuwa ce, a rubuce yake.

Abin da ya sa na zauna na danna duk wannan shi ne, da na ba da labarin a guruf ɗin ɗaliban Jibiya don a yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Wani ɗan Riko ya ce shi ma an rufe nashi tun zangon da ya wuce, ya ɗauka kutse aka yi mashi, har ya ɓata da abokin ɗakinshi a kan zargi. Wata 'yar Farfaru, 'yar aji uku, ta ce ita kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta ɗauka wani laifi ta yi, har a coci ta sa aka taya ta addu'a, kuma tun daga lokacin, da littafin aro take karatu. Dukansu layin Nijar suka jona, a gidajensu, ranar da namu ya tafi hutu. Kuma ba kowa ke da gwaggo a Maraɗi ba, ba kuma za a mai da mu duka 'yan ƙasar waje ba, taswirar farfesa za ta fashe.

Na koma wurin Hajiya da maganar. Ta ce tun da abina ya faru take son a ƙara dalili na huɗu, na ɗaliban bakin iyaka, amma duk sanda ta tayar da zancen sai a ce mutum ɗaya ne ya taɓa kawo ƙara, shi ma an warware. Ta ce in masu matsalar suka zo da ƙafarsu, ta samu abin nunawa.

Don haka ga roƙona. In kai ɗalibi ne daga wajenmu, kafin ka shiga laburaren makaranta daga gida, dubi saman wayarka ka ga layin wace ƙasa ta kama. In kuma an riga an rufe ka, ba kutse ba ne, ba laifinka ba ne, je sashen intanet na laburarenku ka faɗa da bakinka. Wanda ya karanta wannan kuma, don Allah ya tura shi gaba, guruf ɗin makaranta, na unguwa, na 'yan'uwa, har ya kai ga wanda ke zaune da jan rubutu yana tunanin shi kaɗai ne. Ku tura, da kowane layi ya kawo.